Shekara Shida Ina Gyara Kabarin da Ba na Yayata Ba

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da huɗu, ina aiki a wata ma'aikatar gwamnati a nan Jalingo, kuma bai fi wata biyar da ƙara mini girma ba. Ina zaune a unguwar Sintali da matata da 'ya'ya biyu, ina da 'yar tsohuwar mota da nake wankewa kullum kamar jiya na sayo ta, ga shi an ba ni sakataren kwamitin masallacin layinmu. In taƙaice muku, ni mutum ne mai son a ce da shi mutumin kirki, kuma na fi damuwa da a faɗa ɗin fiye da in zama hakan. Edita, ina roƙon a sakaya sunana. Ba wai ina da sauran mutuncin da nake tattali ba ne, akwai dai mutanen da labarin ya shafa waɗanda ba su yi laifin komai ba.

Mu biyu kaɗai iyayenmu suka haifa, ni da yayata wadda nake kira Adda. Mahaifinmu ya rasu tun ina firamare, aka bar mu da mahaifiyarmu, Dada, a gidanmu na gado a unguwar Turaki. Adda 'yar wasan kwaikwayo ce. Tun tana sakandare ta fara, daga nan ta shiga wata ƙungiya da ke zagaya ƙauyuka suna wasan faɗakarwa a bayan babbar mota ranar kasuwa, a kan rigakafi da zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya. Tana yi da Hausa, ta juya Fulatanci, in ta ga taron ya yi sanyi ta jefa musu 'yan kalmomin yaren Mumuye, wuri ya kaure da dariya. Bayan aurenta ya mutu sai ta wuce Kano ta shiga fim. Ba ta taɓa fitowa a jaruma ba. Kullum ita ce masifaffiyar uwar miji, ko mai abinci a tasha da ke zagin direbobi, kuma masu shirya fim sun so ta ne saboda Hausarmu ta nan da ke ba mutanen can dariya. Shekara kusan goma sha biyar ta yi a haka, har ta kai in ta shiga kasuwa a Jalingo sai ta yi awa guda ba ta sayi abin da ya kai ta ba saboda masu gaisuwa.

Ni kuwa wannan suna nata shi ne ƙaiƙayin rayuwata. A ofis abokan aiki kan kwaikwayi muryarta in na shigo, su kira ni da ƙanin mai abinci. Wasa suke yi, yawancinsu ma sonta suke, amma ni ji nake kamar an tuɓe mini hula a gaban jama'a. Wata rana ta zo hutu ta biyo ta ofishinmu da kwanon dambun nama da ta yi mini da hannunta. Kafin in sauko daga bene masinjoji da akawu da masu shara sun kewaye ta ana ta ɗaukar hoto. Na ja ta gefe na ce mata nan wurin aiki ne ba dandali ba, kada ta sake zuwa. Sai ta yi dariya, ta gyara mini wuyan riga kamar yadda take yi mini ina yaro, ta ce ta ji, ranka ya daɗe. Ba ta sake zuwa ba kuwa. Dambun na cinye shi tas, wannan bai ba ni kunya ba.

Daga baya sababbin fuskoki suka cika harkar, aiki ya ja baya, ciwon ƙoda ya kama ta, ta dawo gida wurin Dada. Shekara ɗaya da 'yan watanni ta yi tana jinya. Ina zuwa, ba zan ce ba na zuwa ba, amma a ɗakin Dada nake zama, in leƙa nata daga bakin ƙofa in ce ya jiki in wuce. Ta rasu wata safiyar Talata a tsakiyar damina, aka sa jana'iza bayan azahar.

Ban taɓa ganin taro a layin gidanmu na gado irin na ranar ba. 'Yan ƙungiyarsu ta da sun zo, masu kallonta sun zo, mata sun cika gida har waje, daraktanmu ya zo da rabin ofis, 'yan kwamitin masallaci ma suna nan. Da aka idar da salla aka ɗauki makara, na bi a mota. A ƙofar maƙabarta na ga samari sun ɗaga wayoyi sama suna ɗauka, duk da ana ta hana su. Nan take wani tunani ya shige ni, wanda har yau in na tuna shi sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce yanzu in na sauka cikin kabarin nan, gobe fuskata ce za ta zagaye wayoyin garin nan, a rubuta a ƙasa ga ƙanin 'yar fim. Sai na taɓa wani maƙwabcinmu na ce masa hadari ya haɗo, bari in je in ga an kafa rumfar zaman makoki, yanzu zan dawo. Na ja mota na yi gaba kaɗan, na tsaya a gindin wata bishiya a bakin titi, na kashe inji na zauna. Babu rumfar da na je gani. Da na hango jama'a sun fara fitowa sai na tayar da mota na shiga cikinsu muka koma gida tare, ina karɓar gaisuwa ina amsawa da muryar wanda ya binne 'yar'uwarsa.

Masu karatu sun san mata ba sa bin gawa maƙabarta a wurinmu. Uwa tana ganin an fita da 'yarta ta ƙofar zaure, shi ke nan, duk abin da ya biyo baya sai abin da maza suka dawo suka faɗa mata. Da la'asar Dada ta sa aka kira ni ɗakinta. Idonta a bushe, ta tambaye ni wa ya saka Adda a kabari. Na ce ni ne. Ta tambaya ko ruwa ya taru a ramin, tunda damina ce, na ce a bushe yake. Ta tambaya ta wane ɓangare aka sa ta, na ce ta gabas, kusa da wata darbejiya, don ita ce bishiyar da na zauna a gindinta, ita ta zo mini baki. Dada ta kama hannuna na dama ta riƙe shi da nata biyu, ta daɗe tana shafa shi, ta ce tunda wannan hannun ne ya kwantar da ita to hankalinta ya kwanta. Ban janye hannun ba. Mazan da suka lura ba na wurin kuwa babu wanda ya ɗaga maganar, sun rufa mini asiri irin na mutanen kirki, ni kuma na ɗauki shirunsu na mai da shi mafaka.

Ranar sadakar uku wani dattijo ya same ni a rumfa. Na san fuskarsa, shi ne mai fitowa a mashayi a wasannin ƙungiyar su Adda da ake nunawa a talabijin tun muna yara, yana tangaɗi da kwalba a aljihu. A zahiri tela ne, ko goro ba ya ci. Ya durƙusa kusa da kujerata ya ce 'yan ƙungiya sun yi shawara suna son su kafa ɗan allon ƙarfe mai sunanta a kan kabarin, don ƙasar wurin tana zaizayewa, amma sun ga bai dace su yi ba sai da izinin dangi. Na ɗaga murya yadda na kusa za su ji, na ce a raye sun mai da ita abin kallo, ba za su mai da kabarinta wurin ɗaukar hoto ba, mu gidanmu ba a yin haka. Ya dube ni har na kawar da kai. Sannan ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya tashi ya tafi. Wasu daga cikin 'yan kwamitinmu suka ce na yi daidai, na ji daɗin hakan ƙwarai.

Da damina ta ɗauke, Dada ta tuna mini abin da kowa ya sani, cewa sabon kabari yakan lotsa bayan ruwa, sai dangi sun je sun cike shi da ƙasa. Ta yanko reshe daga lallen da Adda ta shuka a tsakar gida tun tana budurwa, ta naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen tsumma, ta ce in dasa a wajen kanta. Na ɗauki shebur da jarkar ruwa na tafi. Ranar na fara taka cikin maƙabartar. Na tarar da sababbin kaburbura jere, duk ƙasa iri ɗaya, wasu da fasasshiyar tukunya, wasu da dutse, wasu babu komai. Mai gadi yana zaune a inuwa bai fi taku ashirin da ni ba. Tambaya ɗaya ce za ta raba ni da wannan duka, kuma a lokacin ƙasar ba ta gama kwanciya ba, da an nuna mini. Amma yaya ƙanin mamaciya, sakataren masallaci, zai buɗe baki ya ce a nuna masa kabarin yayarsa? Sai na nufi gabas, na sami darbejiya kamar yadda ƙaryata ta tanada, na zaɓi wani kabari marar alama a kusa da ita, na cike shi, na dasa lallen, na zuba ruwa. Na ɗauki hoto a waya na kai wa Dada. Ta sa yatsa tana shafa gilashin wayar tana addu'a.

Lallen ya kama, ya yi kyau abinsa. Shekara shida ina zuwa duk ƙarshen damina da jajibirin salla, in cire ciyawa, in ƙara ƙasa, in ɗauko sabon hoto. Dada takan ce in gaishe da Adda, in dawo in ce na gaishe ta. Abin da zai ba ku mamaki, tun ina yi da fargaba har na saba, har na wayi gari ina tsayawa a wurin ina kiran sunan Adda ina hawaye na gaske. Na lallashi kaina cewa addu'a ba ta ɓata hanya, duk inda aka yi ta za ta isa. Wannan gaskiya ne, amma ba don shi nake faɗa ba, don in samu in yi barci nake faɗa.

A shekara ta bakwai Dada ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Wata ranar Juma'a ta sa aka kira ƙaninta, kawunmu, wanda tsufa da ciwon gwiwa suka hana shi zuwa maƙabarta tun kafin rasuwar Adda. A gabansa ta ce tana da wasiyya guda. Ta ce a hotunan da nake kawo mata ta lura akwai ɗan fili a gefen lallen, tana so in je in roƙi masu kula da wurin su bar mata shi, a kwantar da ita kusa da 'yarta. Ta ce a duniya sana'a ta raba su shekara goma sha biyar, ba ta so a sake raba su. Na ce to. Na san ba kabarinta ba ne, amma na ce to.

Washegari na sami mai gadin, na nuna masa filin na faɗi buƙatata. Ya dube ni da mamaki ya ce ai wannan kabarin namiji ne, wani mai sayar da kifi, 'ya'yansa suna zuwa duk salla, kuma sun daɗe suna tambayarsa wane bawan Allah ne ya dasa wa babansu lalle yake kuma gyara shi. Shi duk zatonsa abokin marigayin ne ni. Na tsaya riƙe da makullin mota. Da ƙyar na faɗi sunan wadda nake nema. Ya ce ya tuna ranar sarai saboda taron, amma ta yamma aka yi da ita, can wajen gangare, kuma ba zai iya nuna takamaiman wurin ba, gawa nawa aka kawo tun daga lokacin. Ya ce in nemi dattijon nan mai fitowa a mashayi, shi ne ya riƙa zuwa wurin a shekarun farko.

Na same shi a shagonsa a unguwar Mayo Gwoi yana kan keken ɗinki. Ya gane ni tun kafin in yi sallama. Na zauna a benci, na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ce masa ban san inda Adda take ba. Ya ce ya sani. Ya cire tabarau ya ba ni labarin abin da ya faru bayan na juya da mota. Ya ce da aka sauke makara aka shimfiɗa mayafi a kan ramin kamar yadda ake yi wa mace, liman ya tambaya ina danginta maza. Aka yi shiru. Ya sake tambaya, mutane suka fara waige-waige. A ta uku sai shi ya tuɓe takalmi ya sauka, wani maƙwabci ya bi shi. Ya ce shekara ashirin tana kiransa Hamma, wato babban wa, tun suna hawa bayan mota suna zaga ƙauyuka, don haka bai ga dalilin da zai bar ta tana jira ba. Ya ce akwai ɗan ruwa a ramin, sai da suka kwashe da kwano suka zuba busasshiyar ƙasa. Ya ƙara da cewa duk wurin ɗaukar fim da suka je tare sai ta nuna wa mutane hotona na gama makaranta, ta ce ga ƙaninta ofisa. Bai faɗi wannan don ya soke ni ba, cikin hira ya zo, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya rufe shago muka tafi. A hanya ya ce tunda na hana allo, dutse ya sa mata, ya riƙa zuwa yana cikewa shekara uku. Daga nan mahaifinsa ya kwanta ciwo a ƙauye, ya koma can ya yi shekara biyu yana jinya da noma. Da ya dawo ya tarar ruwa ya ja ƙasar gangaren, an ƙone ciyawa, dutsen babu shi, an kuma yi sababbin kaburbura ta ko'ina. Ya kai ni wurin, ya yi ta auna taku daga wani kututture, ya koma ya sake aunawa. A ƙarshe ya nuna mini wasu kaburbura huɗu da suka kusa shafewa, ya ce tana cikin waɗannan, amma ba zai rantse a kan ko ɗaya ba, kuma ba zai yi mini ƙarya don in ji sanyi ba. Na duba gefensu, ko wurin ajiye ƙafa babu, balle filin wani kabari.

Kwana biyu ina juya abin a raina, kuma in faɗa muku gaskiya, na kusa sake yin wata ƙaryar. Filin gefen lallen yana nan. Dada ba za ta taɓa sani ba, kawu ba ya zuwa, in na yi shiru za ta rasu cikin farin ciki a binne ta kusa da mai kifi. Har na shirya yadda zan ce mata an samu. Da safe na je ina ba ta kunu a cokali, sai ta tambaye ni ko an ba da filin. Kafin in amsa ta fara sa mini albarka, tana cewa Allah ya ba ni masu yi mini yadda na yi wa Adda. Wannan addu'ar ce ta karya ni. Na ajiye kofin na durƙusa a gaban gadon na faɗa mata komai, tun daga ƙofar maƙabarta har zuwa kaburburan nan huɗu, ban rage ko allon da na hana ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta juya fuskarta bango. Da ta juyo sai ta tambaya wane ne mai kabarin da take yi wa addu'a shekara shida. Na ce wani mai sayar da kifi ne. Ta ce Allah ya jiƙansa, shi ma ɗan wata ne. Sannan ta ce in je in zo mata da wanda ya saka 'yarta. Na kawo shi da yamma, ya zauna a tabarma a bakin ƙofa. Ina tsaye ina ji ta yi masa tambayoyin nan da ta yi mini ranar jana'iza, ɗaya bayan ɗaya, ko ruwa ya taru, ta wane ɓangare, wa ya riƙe kai wa ya riƙe ƙafa. Ya amsa mata duka. Ta yi masa godiya da Fulatanci, ta kira shi ɗanta. Daga nan ta sa aka kira kawu ta ce ta canja wasiyya. Tunda kwanciya kusa da 'yarta ba ta samu ba, to hannun da ya kwantar da Adda shi take so ya kwantar da ita, ni kada in sauka. Ta dube ni ta ce haƙƙinta ta yafe mini duniya da lahira, amma na Adda ba nata ba ne balle ta yafe. Ta yi kusan mako uku bayan nan. Tana yi mini magana, tana karɓar abinci a hannuna, amma ba ta sake ambatar maƙabarta a gabana ba.

Ranar da ta rasu, wuri mafi kusa da aka samu yana da tazarar layi shida daga kaburburan nan huɗu. Mutanen ofis sun zo, 'yan kwamiti sun zo, babu mai ɗaga waya ko ɗaya, don Dada ba kowa ba ce a idon duniya. Aka shimfiɗa mayafi, liman ya tambaya ina danginta maza, idanu suka juyo kaina. Dattijon ya matso ya raɗa mini cewa in sauka, uwata ce, shi ba zai faɗa wa kowa ba, kawu kuma yana gida. Tausayina ya ji, na sani. Amma na gane irin ƙofar da ya buɗe mini, ita ce dai wadda na shiga shekara bakwai da suka wuce, cewa mace ba ta nan balle ta gani. Na girgiza kai. Liman ya sake tambaya, ya ce ba tana da ɗa namiji ba. Na ce ga ni, amma ta bar wasiyya cewa wannan bawan Allah ne zai saka ta, domin shi ya saka 'yarta ranar da ni na gudu. Na faɗa da ƙarfi yadda na baya za su ji. Dattijon ya tuɓe takalmi ya sauka, ni kuma na kama gefen mayafin na riƙe daga sama har aka gama.

Abin da na koya bai da yawa, amma da tsada na saye shi. Na gane cewa kunyar da na riƙa ji saboda sana'ar Adda ba tsoron Allah ba ce, ko da yake rigarsa na sa mata. Tsoron bakin mutane ne, mutanen da in sun koma gida su ne masu kunna fim ɗinta su yi dariya har da hawaye. Ita ba ta taɓa jin kunyar a ce ni ƙaninta ba ne. Ina kira ga duk wanda yake da 'yar'uwa ko 'ya a harkar fim ko wasan dandali, in kana ganin akwai gyara a rayuwarta ka faɗa mata tana raye, a cikin ɗaki, amma kada ka bari a kira danginta a bakin kabari a ji shiru. Ina kuma tuna wa maza 'yan'uwana cewa ranar jana'iza mu ne idon iyayenmu mata da matanmu, abin da muka dawo muka faɗa shi za su riƙe har su mutu, don haka wanda bai gani ba ya ce bai gani ba. In kuma an ba ku shawarar sa alama a kabari, ku sa, ƙasa ba ta riƙe wa kowa wuri. Na kafa wa Dada allon ƙarfe mai sunanta, na kuma sa an rubuta na Adda, yana nan a jingine a ɗakina don ban san inda zan kafa shi ba. Duk ƙarshen damina nakan ɗauki shebur in cike kaburburan nan huɗu gaba ɗaya, in yi musu sallama su duka, in tsaya a tsakiya in roƙi gafarar yayata, ban san ta wane gefe zan juya fuskata ba.